Larabar Toka: Yadda Kirista ke buɗe azuminsu, daga Maraɗi har tsibiran Kap Bar

Jama'a masu saurarenmu na karkarar Dakoro da 'yan uwa da ke ci-rani, kun sha tambayarmu: wace toka ce ake gani a goshin wasu Kirista rana guda a shekara? To ga bayani.

Ranar ana ce mata Larabar Toka. Ita ke buɗe azumin Kirista na kwana 40, wanda suke yi don tuna azumin Annabi Isa, alaihissalam, a jeji. Tana zuwa kwana 46 kafin Ista, don ba a lissafa Lahadi shida da ke tsakani. A 2026 ta faɗo ranar 18 ga Fabrairu, a makon da Ramadan ya kama.

'Yan Katolika ne suka fi riƙe ta. A nan jiharmu suna ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wanda aka kafa a 2001. Tokar kuwa ba ta murhu ba ce. Ganyen dabinon da suka riƙe a bikin Lahadin Dabino na bara ake ƙonawa, limaminsu ya shafa wa kowa a goshi. Ma'anarta tuba, da tuna cewa daga ƙasa aka yi mutum, can kuma zai koma.

Azumin nasu ya bambanta da na Ramadan. Ana shan ruwa, amma cikakken abinci sau ɗaya ne a yini, kuma ba a cin nama ranar, haka ma kowace Juma'a har Ista. Tsofaffi da marasa lafiya an ɗauke musu.

Mu leƙa Kap Bar, ƙasar tsibirai 10 a cikin teku yamma da Senegal, wadda ta samu 'yanci daga Fotugal a 1975. Su ma sun san fari da ƙarancin ruwan sama, shi ya sa suke cikin ƙungiyar CILSS tare da Nijar. Yawancinsu Katolika ne. Ranar Talata garin Mindelo kan cika da kiɗa da rawar karnabal. Da gari ya waye Laraba sai a nufi majami'a.

A tsibirin Santiyago, inda babban birni Praya yake, daga majami'a sai gida, dangi su haɗu kan akushi guda. Tunda ba nama, busasshen kifi ake dafawa, da tsakin masara da kwakwa, sai wani abincin garin masara da ake turarawa kamar dambunmu, a zuba masa zumar rake. Abincin yakan yi yawa har baƙo ya ce: anya wannan ranar azumi ce? A Jamaika kuma, wani tsibirin, hutu ne na ƙasa baki ɗaya.

Me ya sa muka kawo wannan? Ba mu manta majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ba, da wadda aka ƙona a Maraɗi a Yunin 2019. Rashin sani ya fi dare duhu. In kun ga malamin lakwal ko ma'aikaciyar likita da toka a goshi, ba tsafi ba ne, ba kuma abin dariya ba. Mutum ne ke neman gafarar Ubangijinsa. Mu gaishe shi, mu ja kunnen yara.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu cika da kyau.