Jimmy Carter: Shekara Huɗu Na Manomin Gyaɗa A Fadar White House

Dattawanmu da suka daɗe a Ikko, na Agege da na Idi Araba da na Obalende, da wuya a ce sun manta da baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Ikeja ran 31 ga Maris, 1978. Baƙon nan shi ne Mr. Jimmy Carter, Shugaban Ƙasar Amurka na 39, mai masaukinsa kuwa Janar Olusegun Obasanjo. Ya yi jawabi a Babban Gidan Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu, ya tashi ran 3 ga Afrilu ya nufi Laberiya. Kafin shi babu wani shugaban Amurka da ya taɓa kawo cikakkiyar ziyarar gwamnati wata ƙasar baƙar fata ta Afirka.

Wanda ya ga jerin motocin da suka rako shi sai ya ɗauka mutumin nan in ya ce a yi, an gama. Alhali kuwa a daidai wannan lokaci can gida yana ta lallashin ’yan Majalisar Dattijai, yana ƙirga ƙuri’unsu ɗaya bayan ɗaya.

An haifi Carter ran 1 ga Oktoba, 1924, a Plains, wani ɗan ƙaramin gari cikin Jihar Jojiya. Ya gama makarantar sojan ruwa a 1946, ya yi aiki cikin jiragen nan masu tafiya ƙarƙashin teku. Da mahaifinsa ya rasu a 1953 sai ya ajiye kaki ya koma gida ya riƙe gona da sito, yana sayar wa manoma iri da taki, yana sayen gyaɗarsu, matarsa Rosalynn tana riƙe da littafin lissafi. Daga nan ya shiga majalisar jiha. Ya nemi gwamna a 1966 ya faɗi, ya sake nema a 1970 ya ci. Ran da aka rantsad da shi ya shaida wa mutanen Jojiya cewa zamanin wariyar launin fata ya wuce, maganar da ta ba da yawa daga cikin Turawan da suka zaɓe shi haushi.

Sa’ad da ya ce yana neman shugabancin ƙasa, mutane suka riƙa tambaya, “Jimmy wa?” To, amma ya zo a kan gaɓa. Abin kunyar nan na Watergate ya riga ya kori Nixon a 1974, yaƙin Biyetnam ya bar mutane da ɗaci a baki, kowa ya gaji da ’yan siyasar Washington. Carter ya yi ta bin ƙauyuka yana cewa shi ba nasu ba ne, kuma ba zai taɓa yi wa jama’a ƙarya ba. A 1976 ya ka da Gerald Ford da ƙuri’ar wakilan zaɓe 297, Ford yana da 240.

Ran 20 ga Janairu, 1977, bayan rantsuwa, ya fito daga mota shi da iyalinsa suka taka a ƙasa tun daga ginin majalisa har fadar White House. Ya sayar da jirgin ruwan shaƙatawa na shugaban ƙasa mai suna Sequoia. Ya hana manyan ma’aikatan fada motoci da direbobi. Ya sa ’yarsa Amy a makarantar gwamnati, inda ’ya’yan talakawa suke. Sau da yawa shi yake ɗaukar jakar tufafinsa da kansa in zai hau jirgi. Ran 5 ga Maris na shekarar ya zauna awa biyu yana amsa tambayoyin jama’a ta wayar tarho, ana watsawa a rediyo. Mutum fiye da miliyan 9 suka gwada bugowa, 42 ne suka same shi.

Yadda yake yin ranarsa kuwa abin a tsaya a duba ne. Tun da asuba yake tashi, wajen ƙarfe biyar da rabi, ya shiga ofis kafin ma’aikata su zo. Yawancin aikinsa a wani ɗan ɗaki yake yi kusa da babban ofishin da ake nunawa a hoto, faifan kiɗan Turawa na gargajiya yana juyawa a hankali. Mutum na farko da yakan shigo wurinsa shi ne Zbigniew Brzezinski, mai ba shi shawara kan tsaro, da rahoton asiri na abin da ya faru a duniya cikin dare. Kowane mako yana da ranar cin abincin rana da Mataimakinsa Walter Mondale, yana da ta Rosalynn, wadda takan zo da takardunta ita ma. Ran Juma’a da safe akan karya kumallo da manyan masu kula da harkokin waje. Ran Lahadi, in hali ya yi, yakan koyar da Littafi Mai Tsarki a wata majami’ar Baptist ta Washington.

Sauran lokacin duk na takardu ne. Yakan karanta shafi wajen 300 a rana, har sai da ya ɗauko malami ya koya musu saurin karatu shi da iyalinsa. Kowace takarda ta dawo daga teburinsa akan ga rubutunsa a gefe, wani lokaci har gyaran kuskuren rubutu. Yana kuma da ’yar na’urar ɗaukar magana wadda yake faɗa wa abin da ya faru a ranar, sakatariya ta buga. Da ya bar mulki rubutun ya kai shafi 5,000.

Shekara biyu da rabi ya yi ba shi da shugaban ma’aikatan fada, don yana so kowa ya kawo magana wurinsa kai tsaye. Sai a Yuli 1979 ya naɗa Hamilton Jordan. Wani tsohon mai rubuta masa jawabi, James Fallows, ya rubuta cewa har jerin masu son buga tanis a filin fada sai da ya bi ta hannun shugaban ƙasa. Carter ya ƙaryata. Amma labarin ya bi gari, domin ya yi kama da halinsa.

Inda gizo yake saƙar shi ne majalisa. Mai karatu ya san tsarin, tunda irinsa Nijeriya ta ɗauka a 1979: shugaban ƙasa ba ya kashe ko sisin kwabo sai majalisa ta yarda, a Amurka kuma ba ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙasa sai kashi biyu cikin uku na dattijai sun amince. Jam’iyyarsa ta Demokrat tana da rinjaye a majalisun biyu, watau da ya kamata ya sha ruwa da sanyi. Sai dai ’yan majalisa mutane ne masu son a kira su, a zauna da su, a san damuwar mazaɓarsu. Carter kuwa yana ganin in ya karanta magana ya gane gaskiyarta, to ya kamata kowa ya bi. Ciniki irin na ba-ni-in-ba-ka ƙyamarsa yake yi.

Bai cika wata biyu a kujera ba, cikin Fabrairu 1977, ya soke kuɗin ayyukan madatsun ruwa 19 daga kasafin kuɗi, ya ce ɓarna ce. Ta fuskar lissafi yana da hujja a kan da yawansu. Amma kowane dam a cikinsu akwai ɗan majalisar da ya yi wa mutanensa alkawarinsa, wasunsu kuwa ba a ko tuntuɓe su ba. Shugaban Majalisar Wakilai, Tip O’Neill, tun ran bikin rantsuwa yake jin haushi saboda an ba baƙinsa kujerun baya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take; Carter ya tsaya a tebur. Shi ya sa shirinsa na tsimin man fetur, wanda ya kai majalisa a Afrilu 1977, ya yi shekara ɗaya da rabi yana jan ƙafa, da ya fito kuma an riga an yayyanke shi.

Duk da haka ba za a ce bai ci komai ba. Maganar mashigin ruwa na Panama ita ce yake fama da ita lokacin da ya zo Ikko. Ya sa hannu da Janar Omar Torrijos a Satumba 1977 cewa Amurka za ta mayar wa Panama mashigin, abin da Amurkawa da yawa ba sa so su ji. A nan kam ya sauko, ya yi ta kiran dattijai ɗaya ɗaya. Ana bukatar ƙuri’a 67, ya sami 68, sau biyu, a Maris da Afrilu 1978. Da yawa daga cikin waɗanda suka goya masa baya sun rasa kujerunsu a zaɓuɓɓukan da suka biyo. An miƙa mashigin ran 31 ga Disamba, 1999.

Abin mamaki, halin nan na bin diddigi da ya ɓata shi da majalisa shi ya yi masa rana a Camp David. Daga 5 zuwa 17 ga Satumba, 1978, ya killace Shugaba Anwar Sadat na Masar da Firayim Minista Menachem Begin na Isra’ila a gidan hutun shugaban ƙasa. Bayan kwana uku aka ga in an haɗa mutanen biyu faɗa kawai suke yi, sai Carter ya zama ɗan aike, yana ɗaukar takarda daga wannan ɗaki zuwa wancan, ana gyara ta sau fiye da ashirin. Ya haddace taswirar Sinai kamar gonarsa. Sadat ya haɗa kayansa zai tafi, Carter ya je ya tsai da shi. A rana ta ƙarshe Begin ya ƙi, sai Carter ya kai masa hotunan da ya sa wa hannu, kowane ɗaya da sunan jikan Begin a kai, jikin tsohon ya yi sanyi. An sa hannu kan sulhu ran 26 ga Maris, 1979, Masar ta sami Sinai daga baya. Maganar Falasɗinawa kuwa, wadda aka rubuta za a warware, ba ta je ko’ina ba, ƙasashen Larabawa suka juya wa Masar baya.

Zuwansa Nijeriya ma ba zumunci kaɗai ba ne. A lokacin, bayan Saudiyya babu ƙasar da ta kai Nijeriya sayar wa Amurka ɗanyen mai, ga shi kuma a 1976 Nijeriya ta ƙi karɓar Henry Kissinger saboda rikicin Angola. Carter ya naɗa baƙar fata, Andrew Young, jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya sa aka soke dokar da ta bar Amurka tana sayen ma’adinin Rodeshiya, a 1979 kuma ya ƙi janye takunkumi daga gwamnatin Bishop Muzorewa duk da matsin ’yan majalisa. A shekarar da ta biyo Zimbabwe ta sami ’yanci. Amma da ya aiko Muhammad Ali a 1980 ya roƙi Afirka ta ƙaurace wa wasannin Olamfik na Mosko saboda Rasha ta shiga Afganistan, Nijeriya ta saurara, ta kuma tura ’yan wasanta.

Shekarar 1979 ita ta karya shi. Juyin juya halin Iran ya ta da farashin mai, motoci suka yi dogon layi a gidajen mai na Amurka. A Yuli ya yi wa ƙasa jawabi cewa ciwonta na rashin amincewa da kai ne. Mutane sun yaba, sai bayan kwana biyu ya nemi duk ministocinsa su miƙa takardar barin aiki, biyar suka tafi, aka ce gwamnati ta rikice. Ya naɗa Paul Volcker shugaban babban banki yana sane cewa zai tsananta kuɗin ruwa don ya karya tsadar kaya. A 1980 tsada ta haura kashi 13 cikin ɗari, kuɗin ruwa ya kai kashi 20. Maganin ya yi aiki, amma sai a zamanin Reagan.

Ran 4 ga Nuwamba, 1979, ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, bayan Carter ya bar hamɓararren Sarkin Iran ya shiga Amurka neman magani. Amurkawa 52 suka yi kwana 444 a tsare. Wata shida Carter ya ƙi fita yawon neman ƙuri’a, yana cewa ba zai bar fada ba mutanensa suna hannu, alhali Sanata Edward Kennedy na jam’iyyarsa yana neman ƙwace masa tuta. A Afrilu 1980 ya tura soja su ƙwato su, jirage suka lalace cikin hamada, soja 8 suka mutu, Sakataren Harkokin Waje Cyrus Vance ya ajiye aiki. Ranar zaɓe ta faɗo daidai ran da aka cika shekara da kama mutanen. Ronald Reagan ya sami 489, Carter 49.

Kwanakinsa na ƙarshe a ofis ya yi su kusan ba barci, yana kan waya da bankuna da ’yan Aljeriya masu shiga tsakani, ana shirya sakin wajen dala biliyan 8 na kuɗin Iran da Amurka ta riƙe. Aka gama komai, amma jirgin bai tashi daga Tehran ba sai ’yan mintoci bayan Reagan ya yi rantsuwa ran 20 ga Janairu, 1981. Kashegari Carter ya tafi Jamus ya tarye su, ba shi da muƙami.

Da ya koma Plains ya tarar sitonsa na gyaɗa ya ci bashin fiye da dala miliyan 1, dole ya sayar. A 1982 ya kafa Cibiyar Carter, a 1986 ta ɗaura yaƙi da kurkunu, lokacin da ake ƙiyasta mutum miliyan 3.5 suna fama da shi. Binciken da aka yi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980 ya sami fiye da mutum 650,000. Janar Yakubu Gowon ya shiga aikin yana bin ƙauyuka, aka ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013. An ba Carter lambar Nobel ta zaman lafiya a 2002. Ya rasu ran 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100, a gidan da shi da Rosalynn suka gina a Plains tun 1961.