Me ya sa fayil ke lalacewa idan kwamfutoci sun yi tarayya a kansa?

A makarantu da asibitoci da shagunan buga takardu na birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, an saba ajiye bayanai a kwamfuta ɗaya, sauran kwamfutoci su riƙa ɗauka ta hanyar sadarwa.

Matsalar takan taso ne idan ma'aikata biyu suka buɗe fayil guda a lokaci ɗaya, misali rajistar sakamakon jarrabawa. Wanda ya adana daga baya kan shafe aikin na farko, wani lokaci ma fayil ɗin ya lalace baki ɗaya.

Maganin da masana suka tanada shi ne kulle fayil: duk wanda ke rubutu a ciki ya riƙe shi har ya gama.

Kwaɗo ko labule

Sai dai ba duka kwamfutoci ne ke fahimtar kullen iri ɗaya ba.

A manhajar Windows, wadda ke raba fayiloli da tsarin SMB, kulle tamkar kwaɗo ne a ƙofa, ba mai shiga sai an buɗe.

A Unix da Linux kuwa ya fi kama da labule. Manhajar da ta yi sallama za ta jira, wadda ba ta yi ba sai ta kutsa kai.

Tsarin NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya ƙirƙira a 1984, bai haɗa kulle a cikinsa ba da farko, wata manhaja ce daban ke kula da shi. Sai a zubi na huɗu, a shekarar 2000, aka shigar da shi ciki.

Don haka idan wata kwamfuta ta zo ta SMB, wata kuma ta NFS, kowacce na iya zaton ita kaɗai ke riƙe da fayil ɗin, matuƙar ba a daidaita uwar kwamfutar ba.

Ɗaukewar wuta

Ɗaukewar lantarki na ƙara dagula lamarin. Kwamfutar da ta mutu tana riƙe da kulle kan bar fayil a garƙame.

Zubi na huɗu na NFS ya mai da kulle aro mai wa'adi, galibi daƙiƙa 90 a Linux. Idan ba a sabunta ba, sai a sake shi.

Masu manhajar adana bayanai ta SQLite ma sun yi gargaɗin kada kwamfutoci da dama su riƙa rubutu a fayil ɗinta ta irin wannan hanya.

Shawarar masana ita ce kowane ofis ya tsaya kan tsari ɗaya, ya sa wa uwar kwamfuta batirin ko-ta-kwana, sannan ya riƙa ajiye kwafin bayanansa kullum a wani wuri dabam.