Karkatar da Ruwan Lagireto Daga Gidan Totur: Dalilinsa da Abin da Yake Haifarwa

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada ta masu sha'awar motoci, inda mutum kan keɓe ranar hutunsa ya ɗaga bonet a garejin gidansa, ya yi wa motarsa 'yan sauye-sauye da hannunsa ba tare da ya nemi bakanike ba. Burin mafi yawansu shi ne su ƙara wa injin ƙarfi, ko da kuwa ɗan kaɗan ne. Daga cikin irin waɗannan sauye-sauye akwai wani wanda ya yi farin jini saboda arharsa da sauƙinsa, wato cire hanyar ruwan lagireto da ke ratsa gidan totur. Aikin ba ya cin fiye da rabin awa, kayan da yake bukata kuma ba su wuce guntun bututu da kilif biyu ba. To amma sauƙin aiki daban, amfaninsa daban. Wannan bayani zai duba dalilin da ya sa kamfanoni suka sanya wannan hanyar ruwa tun da farko, da abin da masu cire ta suke nema, da kuma abin da suke samu a zahiri.

Mene ne Gidan Totur?

Kalmar "totur" ararriya ce daga Ingilishi, kuma a bakin Bahaushe tana nufin abin nan da direba ke takawa da ƙafar dama domin mota ta ƙara gudu. A asalin ma'anarta kuwa, kalmar tana nuni ne ga wata ƙofa da ke cikin injin, wadda take shaƙe iska ko ta sake ta. Wannan misali ne na yadda ma'anar kalma kan gusa a yayin aro, daga abin da ke ɓoye zuwa abin da ido ke gani.

Injin fetur ba fetur kaɗai yake ci ba. Domin ya ƙona kilo 1 na mai ƙonewa sosai, yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska. Gidan totur shi ne maƙogwaron da wannan iska take bi. Wani gajeren bututu ne, galibi na alminiyam, da ke tsakanin matatar iska da kan injin, a cikinsa kuma akwai faifan ƙarfe mai juyawa. Idan direba ya taka totur faifan ya buɗe, iska ta kwarara, kwamfutar motar ta auna ta, ta umarci injekta su fesa man da ya dace da ita. Idan ya ɗaga ƙafa faifan ya koma ya rufe, sai ɗan abin da zai riƙe injin a silo. A tsofaffin motoci wannan faifai yana cikin kafireta ne, amma daga shekarun 1980 zuwa farkon 1990 injekta ta maye gurbin kafireta a sababbin motocin Amurka da Turai, faifan kuma ya sami gida nasa na kansa.

Wanda ya duba gefen wannan gida a motoci da dama zai ga wasu siraran tiyo guda biyu, kaurin kowane bai wuce na ɗan yatsa ba. Ɗaya yana kawo ruwa daga injin, ɗaya yana mayar da shi. Abin mamaki ga mai koyo shi ne, ruwan nan da aka sani da sanyaya injin, a nan ɗumamawa ya zo yi, domin idan injin ya kama aiki zafin ruwan yakan kai wajen digiri 90 a ma'aunin Salshiyas.

Abin da Ya Sa Ake Ɗumama Shi

Amsar a taƙaice ita ce ƙanƙara. Duk wanda ya taɓa sace iskar tayar keke ya tara hannu a bakin bawul, ya san iskar da ke fitowa da sanyi take fitowa. Haka abin yake a gidan totur. Lokacin da faifan yake kusa da rufewa, iska tana kutsawa ta wata 'yar siririyar kafa da gudu mai tsanani, matsinta ya faɗi, zafinta ma ya faɗi. Idan iskar tana ɗauke da laima, kuma garin da ma yana dab da daskarewa, sai laimar ta zama raɓa a gefen faifan, raɓar ta zama ƙanƙara.

Laimar nan ba daga sararin sama kawai take zuwa ba. Ƙona lita 1 ta fetur yana samar da kimanin lita 1 ta ruwa a matsayin tururi. Mafi yawansa yana fita ta salansa, amma wani kaso yakan zurara ta gefen fistin ya gangara wurin baƙin mai. Dokar kare muhalli ba ta yarda a saki wannan hayaƙi a waje ba, saboda haka ake mayar da shi cikin hanyar iska, kusa da gidan totur, domin injin ya sake ƙona shi. Ke nan injin da kansa yana kai wa faifan ruwan da zai iya daskarewa a kansa.

Idan ƙanƙarar ta taru, abu biyu na iya faruwa. Ko dai ta toshe kafar iskar silo, mota ta riƙa mutuwa duk lokacin da aka ɗaga ƙafa, ko kuma ta hana faifan komawa mazauninsa. Na biyun shi ne abin tsoro, domin direba zai saki totur amma injin ya ci gaba da ja, a kan titin da shi ma ƙanƙara ta lulluɓe. Matuƙan ƙananan jiragen sama masu kafireta sun daɗe da sanin wannan matsala, har akwai wani maɓalli a gabansu na tura iska mai zafi cikin kafireta. A kafireta matsalar ta fi tsanani, domin man da ake fesawa a wurin yana ƙafewa yana ƙara sanyi, kamar yadda fetur ke sanyaya tafin hannu idan ya zuba, har ƙanƙara kan kama ko da zafin gari ya haura digiri 20. A mota mai injekta kuwa ana fesa man ne can gaba, bayan iska ta wuce faifan, shi ya sa hatsarin ya ragu ƙwarai, amma bai kau ba. Kamfanin da ke ƙera mota ɗaya domin a sayar a jihar Arizona mai zafi da kuma jihar Minesota, inda sanyin watan Janairu kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifiri, dole ya yi shiri domin wadda ta fi sanyi.

Hujjar Masu Cirewa

Hujjarsu tana da tushe a kimiyya. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, wato a cikin lita ɗaya an fi samun iskar da mai ke ƙonewa da ita. Idan zafin iska ya sauka da digiri 10, nauyinta yakan ƙaru da kimanin kashi 3 cikin 100, ƙarfin injin kuma yana bin wannan. Suka ce to me zai sa a bar ruwa mai digiri 90 yana gasa maƙogwaron injin a garin da ba a taɓa ganin ƙanƙara ba? Bayan sun yi aikin kuma sukan taɓa gidan totur su ji lalle ya rage zafi, wannan sai ya ƙara musu yaƙini.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsawon lokacin da iska take yi a wurin. A ɗauki injin mai lita 2 yana zagaye 6,000 a minti, totur a buɗe. Kowace silinda tana zuƙar iska sau ɗaya a zagaye biyu, saboda haka injin yana shaƙar kusan lita 6,000 a minti, wato lita 100 a daƙiƙa. Idan faɗin bakin gidan totur santimita 6 ne, iskar tana ratsa shi da gudun kimanin mita 35 a daƙiƙa, fiye da kilomita 120 a awa ke nan. Tsawon gidan bai kai santimita 10 ba, don haka iskar ba ta yin kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa a ciki. Daɗin daɗawa, ruwan ba duk jikin gidan yake zagayawa ba, wani ɗan lungu yake bi ta ƙasa ko ta gefe. A irin wannan ƙiftawar ido, iskar da ta shafi bango ce kawai za ta ɗauki ɗan ɗumi, sauran ta wuce yadda ta zo.

Ko da an ƙaddara cewa cire ruwan ya sanyaya iskar da digiri 1 cur, a injin mai ƙarfin doki 150 ribar ba za ta wuce rabin doki ba, bambancin da ba wani direba da zai ji shi a jikinsa. Lokacin da iska ke tafiya a hankali har ta sami damar ɗumama shi ne lokacin silo da cunkoson motoci, a nan kuwa ba mai neman ƙarfi. Haka kuma gidan totur yana manne da injin ne a ƙarƙashin bonet, ko babu ruwa zai ɗauki zafi daga maƙwabtansa.

Yadda Ake Aikin da Inda Ake Kuskure

Mai aikin yakan bari injin ya huce sarai, domin murfin lagireto yana riƙe ruwan cikin matsi, zafinsa na iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma da an saki tiyo zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Sai ya rage ruwa kaɗan, ya sassauta kilif da filaya, ya zare tiyo biyun daga gidan totur, ya haɗa bakunansu da guntun bututun ƙarfe ko tagulla mai daidai faɗinsu, wanda a motoci da yawa milimita 8 ne, ya ɗaure kowane gefe da kilif. Bakunan da suka rage a jikin gidan akan rufe su da hular roba saboda ƙura. Daga nan a cika ruwa, a tayar da injin, a fitar da iskar da ta shiga, a duba yoyo. Ruwan da ya zuba a ƙasa a wanke shi nan take, domin sinadarin da ke cikinsa yana da zaƙi a baki amma guba ne mai lalata ƙoda, yakan kashe karnuka da kyanwoyi, yara ma ba su tsira ba.

Kuskure na farko shi ne toshe tiyo biyun maimakon haɗa su. Misali a nan shi ne injin LS1 na kamfanin General Motors, wanda ya fito a motar Corvette a 1997, sannan a Camaro da Firebird a 1998, kuma masu waɗannan motoci suna cikin waɗanda suka fi yayata wannan sauyi. A wannan injin, tiyon da ke ratsa gidan totur shi ne kuma yake kwashe tururi da kumfar iska daga saman kan silinda. Wanda ya toshe shi ya kulle tururin a wurin da ya fi ko'ina zafi a injin. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa duk motoci ɗaya ne. A motocin Honda da dama na ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, ciki har da Accord ta 1990 zuwa 1993, akwai wani bawul mai ɗauke da kaki wanda ruwan nan yake ɗumamawa. Da sanyin safiya kakin yana tsuke, bawul ɗin a buɗe, iska ta ƙaru, injin ya ɗaga murya domin ya yi saurin ɗumi. Idan ruwa ya yi zafi kakin ya kumbura ya rufe bawul ɗin, silo ya sauka. Duk wanda ya yanke wa wannan bawul ruwa, ya bar shi cikin zaton kullum safiya ce: silo zai tsaya a sama ko ya riƙa hawa yana sauka, mai kuma yana tafiya a banza. Sau da yawa mai motar ba ya danganta matsalar da aikin da ya yi, sai ya shiga sauya fulogi da injekta.

Na uku shi ne raunin mahaɗa. Bututun roba mai arha yakan tsage saboda zafi, kilif kuma yakan saki. Siririn tiyo ne, amma yana iya zubar da ruwan injin gaba ɗaya a tafiya guda, kuma idan direba bai lura da allurar zafi ba, gasket zai ƙone ko kan silinda ya lanƙwashe.

Dangantakar Batun da Ƙasashe Masu Zafi

Akasarin motocin gwanjo da ke shigowa Nijeriya da Nijar an ƙera su ne domin kasuwannin Turai da Amurka, saboda haka suna zuwa da wannan hanyar ruwa. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin sanyi shi ne hunturu, iskar hunturu kuwa busasshiya ce, lokacin laima kuma shi ne damina, wadda ba ta da sanyin daskarewa. Sharuɗɗan biyu ba sa haɗuwa, don haka tsoron ƙanƙara a gidan totur kusan babu shi. Sai dai rashin hatsari bai zama riba ba, lissafin gudun iska da aka yi a baya bai sauya ba don an sauya ƙasa.

Inda aikin yake da ma'ana shi ne a matsayin gyara. Yawancin direbobi ruwan famfo ko na rijiya suke zubawa a lagireto, wanda ba shi da sinadarin hana tsatsa, kuma 'yan bakunan ƙarfen da ke jikin gidan totur suna cikin abubuwan da tsatsa take ci. Idan ɗaya ya ɓule yana yoyo, haɗa tiyo biyun ya fi sayen wani gidan totur sauƙi, muddin an tabbatar babu bawul ɗin silo da ya dogara da ruwan.

Bai kamata a haɗa wannan da wata al'adar ba, wadda ta fi yaɗuwa a garejojin Nijeriya, wato cire tamostat daga motar da ta shigo da sunan cewa na ƙasar sanyi ne. Tamostat shi ne ƙofar da ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya kai zafin aiki, galibi tsakanin digiri 80 da 95, kafin ta sake shi zuwa lagireto. An ƙera injin ne domin ya yi aiki a wannan zafi, a Kanada yake ko a Katsina. Idan aka cire tamostat injin yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta ga ruwa da sanyi ta ci gaba da ƙara mai, fulogi su yi baƙi, man da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda ya gauraya da baƙin mai. Motar da take zafi fiye da kima, a nemi dalilin a toshewar lagireto, ko fankar da ba ta tashi, ko murfin da ya daina riƙe matsi, ko famfon ruwan da fukafukansa suka cinye.