Gyaran Fayil da Umurni Guda: Yadda Ake Aiki da sed

Ran 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, Dutse ta zama hedkwata. Nan take adireshin kowane ofis da makaranta a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu ya bukaci gyara. Mu ɗauka cewa adireshin ɗalibai dubu yana cikin fayil guda a kwamfuta. Za mu bi layi-layi ne muna gogewa? Akwai hanyar da ta fi wannan.

Sunanta sed, wata 'yar manhaja wadda Lee McMahon ya rubuta a Bell Labs ta Amurka wajen 1974. Har yau tana zuwa tare da Linux. Ba a buɗe fayil ɗin. Ana rubuta mata umurni ne kurum, ta karanta layukan ɗaya bayan ɗaya tana musanyawa:

sed 's/Kano/Jigawa/' adireshi.txt

Harafin s yana nufin musanya. Kalmar farko ita ake nema, ta biyu ita ce madadinta. A kowane layi sed takan canza ta farkon da ta tarar kaɗai, sai an ƙara g a ƙarshe ta canza duka.

Amma a lura, na'ura ba ta san ma'ana ba, haruffa take gani. Layin da ya ce “Hanyar Kano, Dutse, Jihar Kano” zai koma “Hanyar Jigawa, Dutse, Jihar Kano”. Ɗaliban Wudil da Gaya kuwa, waɗanda garuruwansu ba su bar Kano ba, su ma za a kwaso su. Saboda haka dole mu ƙuntata abin da muke nema:

sed '/Dutse/s/Jihar Kano/Jihar Jigawa/' adireshi.txt

Yanzu layukan da ke ɗauke da Dutse kaɗai za a taɓa.

Inda wannan ya fi amfani shi ne fayilolin saiti, wato waɗanda ke gaya wa kwamfuta yadda za ta yi aiki. Ga misali, fayil ɗin /etc/ssh/sshd_config shi ke tsara yadda ake shiga kwamfuta daga nesa. In akwai layin PermitRootLogin yes a ciki, duk wanda ya gano kalmar sirrin babban mai iko zai iya shiga ya taɓa kome, har da sakamakon jarrabawa. Mai kula da kwamfutar yakan rufe ƙofar haka:

sed -i.tsoho 's/^PermitRootLogin yes/PermitRootLogin no/' /etc/ssh/sshd_config

Alamar ^ tana nufin farkon layi, don kada a taɓa layukan bayani masu farawa da #. Shi kuwa -i, shi ne ke sa a rubuta gyaran cikin fayil ɗin kansa, .tsoho kuma yana ajiye kwafin asali. Gyaran ba ya kama aiki sai an sake tayar da manhajar SSH.

Shawararmu uku ce. Mu fara gwadawa ba tare da -i ba, domin a lokacin sed tana nuna sakamako a allo ne kawai, fayil yana nan yadda yake. Mu ajiye kwafi kullum. Mu kuma karanta layin da muka gyara kafin mu tashi, domin harafi guda da ya kauce a fayil ɗin saiti yana iya hana kowa shiga. Rigakafi dai ya fi magani.