Baƙin hunturu: Tsuntsayen Turai da ke dogaro da gawon Kazaure da Babura

Da zarar an gama girbin gero, shamuwa takan tattara nata ya nata ta bar ƙasar Hausa. Kowa ya san wannan. Takan nufi gabashi da kudancin Afirka, ba a sake ganin ta sai damina ta ƙarato. Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, a daidai lokacin da take tafiya, wasu baƙin ne ke sauka, kuma tasu tafiyar sai da ta ratsa hamada.

Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, tsuntsaye kan baro Turai da yammacin Asiya saboda sanyi da ƙarancin abinci, su ƙetaro tekun Bahar Rum da hamadar Sahara. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2.1 ne ke yin wannan tafiya daga Turai duk shekara. Wurin farko da suke samun ruwa da inuwa bayan hamada shi ne yankin Sahel, kuma Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, suna kan wannan layi.

Idan ana maganar tsuntsaye a Jigawa, hankali kan tafi Baturiya da dausayin Haɗeja zuwa Nguru, waɗanda sunansu ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Can ne masu bincike da baƙi suka fi zuwa, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989. Sai dai yawancin ƙananan baƙin ba a dausayi suke zama ba. A gonaki suke, a kan itatuwan da manomi ya bari ko ya sare.

Yadda aka gane inda suke zuwa

Turawa sun daɗe suna mamakin inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi. A 1822 aka harbo wata babbar farar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar dubban kilomita. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, dabarar da ake amfani da ita har yanzu.

Darasi mafi girma ya zo ne a 1969. A bazarar shekarar, masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka ga wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda suke kira whitethroat, ta ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka gano cewa farin da ya auka wa Sahel a 1968 ne ya hallaka su. Ruwan da bai sauka a nan ba shi ya sa shingayen gonakin Ingila suka yi tsit, a nisan fiye da kilomita 4,000.

Wannan tsuntsuwa nauyinta kimanin giram 15 ne, kusan cokali guda na sukari. Kafin ta koma a watan Maris ko Afrilu, dole ta ci ƙwari da 'ya'yan itace ta tara kitsen da zai ƙetar da ita hamada. Idan ba ta samu ba, a hanya take ƙarewa.

Dalilin da ya sa gawo ya fi darbejiya

Manomi ya san halin gawo: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma su samu 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Wannan hali shi ne ya mayar da shi masaukin baƙin tsuntsaye, domin yana fure da ganye a daidai watannin da suke nan, kuma ganyen cike yake da tsutsa da ƙananan ƙwari.

Wasu masu bincike 'yan ƙasar Holan, ƙarƙashin Leo Zwarts, sun shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye bishiya bayan bishiya a faɗin Sahel. Abin da suka gano shi ne, baƙin suna taruwa ne a kan 'yan itatuwa ƙalilan, galibi masu ƙaya, irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa masu ƙananan ganye. Darbejiya da itacen turare kuwa, waɗanda daga waje aka kawo su, da wuya a ga baƙon tsuntsu mai cin ƙwari a kansu. Ɗacin da ke korar ƙwaro daga darbejiya shi ne ke hana tsuntsu samun abinci.

A nan matsalar take. Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure ya saba ganin tulin itacen girki da buhunan gawayi a bakin titi. Idan kuma aka tashi dashe, darbejiya da turare aka fi rabawa, domin suna saurin girma kuma akuya ba ta cika damun su ba. Suna ba da inuwa, suna tare iska, amma ba sa maye gurbin tsohon gawon da aka kayar. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa a Najeriya, don haka irin itacen da ake zaɓa a dasa ba ƙaramar magana ba ce.

Misalin gyara ba shi da nisa. Daga Babura, tsallaka iyaka kawai za a yi a shiga ƙasar Damagaram. A yankunan Zinder da Maraɗi, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture da saiwa a gonakinsu, suna sassabe shi su bar reshe ɗaya ko biyu ya girma. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a wajen Magarya da Matamaye gawo ne ya fi yawa. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban-ruwa ba.

Inda za a taka, da abin da za a gani

Wanda ke son ganin abin da idonsa ba ya buƙatar tafiya mai nisa. Lokaci mafi kyau shi ne daga bayan Asuba zuwa hantsi, ko daga La'asar zuwa gab da Magariba. Ranar da hazo ya yi kauri, gara a tsaya kusa da bishiya ɗaya a jira, maimakon hangen nesa.

A bakin Dam ɗin Ayuba da ke Kazaure da fadamun kogin Gari, a duba gefen ruwa inda laka take. Nan ne wurin zalɓe da balbela da zakaran ƙeƙuwa mai yawan kuka, wani lokaci da garken kirinjijiya. A cikinsu akan ga ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna caccakar laka. Da yawansu baƙi ne daga arewacin Turai da Rasha.

A duwatsun Roni da na kewayen Kazaure, a saurari kazar dutse da sassafe, a kuma duba hasbiya a kan fā. A gonakin Gwiwa da jigayin Babura, inda aka bar karan dawa, akwai kurciya da bardo da tsanwaka mai launin shuɗi da cilakowa da alhudahuda. Idan garken shanu ya gifta, a lura da wata 'yar siririyar tsuntsuwa mai rawayan ciki da ke bin ƙafafunsu tana kaɗa jela. Ita ma daga Turai take.

Akwai kuma waɗanda sai an yi sa'a. Gauraka, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, ta kusa ɓacewa daga ƙasar. Ungulu da a da ke cika mahauta, tun 2015 aka sanya ta a jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da farautar sassan jikinta.

Kafin a fita

A sa kaya marasa ƙyalli, a rufe hanci saboda ƙura, a rage surutu. A fara gaida mai unguwa ko mai gona a faɗi abin da ya kawo mutum, domin a wannan zamani baƙon da ke leƙe-leƙe da madubin hangen nesa zai iya jawo zargi. A kiyaye fangalin tumatir da albasa na masu noman rani. Idan aka ga mataccen tsuntsu, kada a taɓa shi da hannu, saboda murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Najeriya a 2006. Idan akwai zobe a ƙafarsa, a ɗauki hoton lambar.

Wayar hannu ma ta isa kayan aiki. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gane tsuntsu daga hoto, eBird da BirdLasser kuma ana rubuta abin da aka gani da wurin da aka gan shi. Da BirdLasser ne shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ke jagoranta tun 2015, yake tattara bayanai daga 'yan sa-kai. Ɗalibin kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure zai iya shiga da wayarsa kamar yadda malamin jami'a zai shiga.

Rubuta sunayen yana da nasa amfanin, domin shi ne zai nuna ko baƙin suna ƙaruwa ko raguwa. Amma abin da zai sa su ci gaba da zuwa yana hannun mai gona ne a ranar sharar gona, lokacin da ya tsaya da gatari a gaban ɗan tohon gawo. Idan ya bar shi, geronsa zai samu taki, awakinsa su samu abinci da rani, baƙon da ya ƙetaro hamada kuma ya samu wurin sauka.