Ɗalibin Hausa da Aikin Kare Yara a Ƙasar Waje

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa digirin Hausa ba ya wuce aji ko gidan rediyo. Wannan muƙala za ta duba wata kafa ta daban, wato aikin kare yara, musamman ga wanda ya fara shi a ƙasar waje.

Mene Ne Aikin?

Kare yara shi ne tsare su daga duka, fyaɗe, safara da aikin da ya fi ƙarfinsu. Tushensa shi ne Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, Nijeriya kuma a 1991, kafin ta yi tata dokar a 2003. A wannan yarjejeniya, yaro shi ne wanda bai cika shekara 18 ba. Nan ne matsalar fassara take farawa, domin Bahaushe da balaga yake auna girma.

Daga Izom Zuwa Maraɗi

Mu ɗauka ɗalibi ɗan Izom, a ƙaramar hukumar Gurara, ya sami aiki a Maraɗi. Ya saba ganin yara masu talla a bakin hanyar Suleja zuwa Minna, amma abin da zai tarar ya fi haka nauyi. Tun 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga zuwa yankin Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Wasu yaran sun rabu da iyayensu. Kafin a sada su da danginsu, dole a ji sunan ƙauye da na iyaye daga bakin yaron, da harshen da yake ji. Ga shi kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Abubuwan Kiyayewa

Na farko, karin harshe. Hausar Nijar ta ari kalmomi daga Faransanci: makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe. Idan yaro ya ce an kai shi likita, asibiti yake nufi.

Na biyu, kunya. Yarinyar da aka ci zarafinta ba za ta faɗi abin kai tsaye ba, sai dai ta ce an ɓata ta. Tafinta ya isar da abin da ta faɗa, kada ya ƙara, kada ya rage, kada kuma ya sa mata magana a baki, domin bayaninta na iya zuwa gaban alƙali.

Na uku, sirri. Sunan yaro ko hotonsa ba na hira ba ne, balle Facebook. Tonon asiri ɗaya na iya jawo masa tsangwama har tsufansa.

Kammalawa

Ashe darasin karin harshe da na fassara da muke yi wa kallon wahala, su ne makamin wannan aiki. Kuskuren kalma ɗaya a jarrabawa maki yake ci, amma a nan yana iya hana yaro komawa gida.