Tsari da Ginin Tanderun Burodi: Misali daga Ƙasar Rano da Kibiya

1.0 Gabatarwa

A darussan da suka gabata na sana'o'in Hausawa an fi mayar da hankali a kan sana'o'in gargajiya irin su ƙira da jima da saƙa da rini. Sai dai akwai wasu sana'o'i da suka shigo daga baya, suka kuma zauna daram a cikin rayuwar Bahaushe. Gashin burodi yana daga cikinsu. A garuruwa irin su Rano da Kibiya, da ƙauyukan da ke kewaye da su, da wuya gari ya waye ba a ga mai shayi ya jera burodi a kan teburinsa ba. Wannan babi zai yi bayani a kan ginin da ake gasa wannan burodi a cikinsa, wato tanderu. Za a duba ma'anarsa da yadda yake aiki da kayan da ake gina shi da su da matakan gininsa. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe tun daga farko shi ne, tanderu rumbun ajiye zafi ne, kuma duk wata dabara da magini yake yi a wajen gininsa tana komawa ne ga yadda zai tara zafi, ya riƙe shi, ya kuma saki shi a hankali.

2.0 Ma'ana da Asalin Kalmomi

Tanderu wani gini ne ko babbar tukunya ta yumɓu da ake hura wuta a ciki domin gasa abinci. Kalmar tana da dangantaka da kalmar Larabci tannur, wadda ita ma take da 'yan'uwa a harsunan Farisa da Indiya. Haka kuma alkama da gurasa duk daga Larabci Hausa ta aro su. Wannan yana nuna cewa gashin abincin alkama ya fara zuwa ƙasar Hausa ne ta hanyar Sahara, tare da fatake Larabawa da suka zauna a birnin Kano.

Kalmomin burodi da fulawa da yis da bulo kuwa daga Ingilishi suka fito. Idan aka lura, kowace daga cikinsu ta bi ƙa'idar ginin gaɓar Hausa. Tun da Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba, sai aka saƙa wasali a tsakaninsu, aka sami bu-ro-di da fu-la-wa da bu-lo. Ke nan kalmomin wannan sana'a kaɗai sun isa su nuna cewa ta zo mana ta hanyoyi biyu: ta arewa daga Larabawa, da kuma ta kudu daga Turawa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tanderun bulo mai rufin ƙubba tsohon abu ne a duniya. A garin Fomfei na ƙasar Italiya, wanda aman dutse ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, masu tonon kayan tarihi sun gano gidajen burodi fiye da talatin da tanderunsu, wasu ma har da ƙonannen burodi a ciki. Tsarin waɗannan tanderu bai bambanta sosai da wanda ake gani a yau ba.

A Nijeriya, sana'ar burodi ta kasuwanci ta bunƙasa ne daga Legas. Ana yawan ambaton Amos Shackleford, mutumin Jamaika, wanda ya shahara da ita a shekarun 1920. Daga can ta biyo layin dogo zuwa Arewa. Kafa kamfanin niƙa fulawa a Apapa, wanda ya fara aiki a 1962, da kuma wanda aka kafa a Bompai ta Kano a shekarun 1970, ya sa fulawa ta wadata, gidajen burodi suka bazu har ƙananan garuruwa. A kudancin Kano kuma, madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 ta buɗe hanyar noman alkama da shinkafa na rani a yankin Kadawa da Kura da Bunkure, maƙwabtan Rano.

Ya kamata a bambance tanderun gurasa da na burodi. Na gurasa tukunya ce mai buɗaɗɗen baki a sama, ana hura mata wutar kara, a manna gurasar a jikin bangonta. Na burodi kuwa ɗaki ne ƙarami mai daɓe da rufi da ƙofa a gefe, ana jera gwangwanayen ƙullu a kan daɓensa.

4.0 Yadda Tanderu Yake Aiki

Tanderun burodi iri biyu ne. Akwai wanda ake hura wuta a cikin ɗakin gashin kansa, in ya yi zafi a kwashe garwashi a share daɓen, sannan a zuba burodi. Akwai kuma wanda aka ware wa wuta nata ɗaki a ƙasa ko a gefe, zafi ya riƙa ratsowa ta hanyoyin da aka gina masa. Na farko ya fi sauƙin gini da arha, shi ne kuma wannan babi ya fi mayar da hankali a kai. Na biyu yana ba da damar a yi ta gashi ba tsayawa, amma gininsa ya fi tsada da buƙatar ƙwarewa.

A irin na farko, a lokacin da burodi yake gasuwa babu wuta a ciki ko kaɗan. Zafin da bulo ya sha ne yake aikin, kuma ta hanyoyi uku yake isa ga burodin:

(i) daga daɓe zuwa gindin gwangwani, saboda suna taɓa juna;
(ii) daga rufi da bango, waɗanda hucinsu yake sauka a kan burodin ya sa bayansa ya yi ja;
(iii) daga iska mai zafi da tururin da ke kewayawa a cikin rufaffen ɗakin.

Da farkon hura wuta, baƙin hayaƙi yakan rufe rufin. Idan zafin bulo ya kai wajen digiri 400 a ma'aunin Salshiyos, sai baƙin ya ƙone, rufin ya yi fari. Da wannan alama ce gwanaye suke gane cewa tanderu ya ƙoshi. Daga nan sai a kwashe wuta, a rufe ƙofa, a bar zafin ya daidaita ya sauko zuwa tsakanin digiri 200 da 250, wanda shi ne ya dace da burodi.

5.0 Kayan Gini

Jan bulo, wato tubalin yumɓu da aka gasa, shi ne ginshiƙin aikin, domin yana jure wuta yana kuma riƙe zafi. Bulon siminti bai dace da cikin tanderu ba, saboda siminti yakan fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura digiri 300, ya tsattsage ya riƙa zuba. Saboda wannan dalili ne ake ɗaura bulon ciki da kwaɓin yumɓu da yashi. Yumɓu tsantsa yakan tsuke ya tsage idan ya bushe, yashin ne yake hana shi.

Ƙasar Rano tana da arzikin duwatsu, kuma suna da amfani ƙwarai a wajen harsashi. Amma kada a sa su a inda wuta za ta taɓa, domin irin wannan dutse yakan fashe ya ɓantare idan ya sha zafi. Ana kuma buƙatar kayan da za su tare zafi kada ya tsere, kamar toka da ɓuntun shinkafa da aka cuɗa da yumɓu. Ɓuntu kuwa ba ya wuyar samu a wannan yanki na masu noman shinkafa. Magina da yawa sukan shimfiɗa kwalabe da yashi da gishiri a ƙarƙashin daɓe. Amfanin kwalabe shi ne iskar da suke tsarewa, wadda ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Gishiri da yashi kuwa ƙara wa daɓen ƙarfin riƙe zafi suke yi, sai dai gishiri yana jawo danshi da damina.

6.0 Matakan Gini

6.1 Zaɓen wuri. A zaɓi tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rumbu da danni da ɗakin ciyawa. Tun da hadari daga gabas yakan taso a ƙasar Hausa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, ya fi kyau ƙofar tanderu ta ba waɗannan kusurwoyi baya. A kuma yi masa rumfar kwano, domin jiƙaƙƙen tanderu sai ya cinye itace mai yawa kafin ya fara zafi.

6.2 Harsashi da dakali. Tanderu yana da nauyi ƙwarai, don haka ana haƙa harsashi a cika shi da dutse. A kansa ake tayar da dakali zuwa kimanin tsayin ƙugun mutum, yadda ma'aikaci zai sa burodi ya fitar ba tare da ya yi ta sunkuyawa ba.

6.3 Daɓe. A kan dakalin ake shimfiɗa kayan tare zafi, sannan yashi, sannan a jera jan bulo a matse, a daidaita shi sumul. Idan bulo ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo, zai riƙa tare doguwar sandar nan mai faffaɗan kai da ake tura gwangwanaye da ita.

6.4 Bango da rufi. Wannan shi ne mataki mafi wuya. Maginan Hausa sun daɗe da sanin ɗaurin baka, kamar yadda ake gani a masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Sai dai bakan gargajiya azara ce take riƙe da shi daga ciki, azara kuwa itace ce, ba za ta zauna da wuta ba. Rufin tanderu dole ne bulo ya riƙe bulo. Akan tara jiƙaƙƙen yashi ko a kafa katako a siffar rufin, a jera bulo a kai daga gefe zuwa tsakiya, a rufe da bulon ƙarshe wanda yake matse sauran. Tun da nauyin rufin yana tura bango waje, sai a yi bangon da kauri ko a ɗaure shi da ƙarfe. Rufin da ya cika tsawo yakan bar saman burodi fari, wanda ya cika gajarta kuma yakan ƙona shi.

6.5 Ƙofa da bututun hayaƙi. Ta ƙofa ɗaya iska take shiga ta ƙasa, hayaƙi ya fita ta sama. Binciken da aka yi a kan tsofaffin tanderun yankin Kwibek na ƙasar Kanada ya nuna cewa tsayin ƙofa yakan kasance kimanin kashi 63 cikin 100 na tsayin rufi daga ciki. Misali, idan rufi santimita 60 ne, ƙofa za ta zama wajen santimita 38. Idan ta fi haka zafi zai tsere, idan ta gaza wuta za ta shaƙe. Bututun hayaƙi a gaban ƙofa ake gina shi, domin idan aka huda tsakiyar rufi zafi zai bi hayaƙi ya fice.

6.6 Lulluɓi da busarwa. Bayan an gama, sai a lulluɓe rufin da kayan tare zafi, a yaɓe. Ba a hura wa sabon tanderu babbar wuta nan take. Ruwan da ke cikin kwaɓi zai zama tururi ya tsaga ginin. Akan bar shi ya sha iska, sannan a riƙa hura 'yar ƙaramar wuta ana ƙarawa kullum har kusan mako guda. A nan ne maganar Hausawa ta sannu ba ta hana zuwa take tabbata.

7.0 Tanderu da Matsalar Makamashi

Mai gidan burodi ba shi da iko a kan farashin fulawa, domin mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga waje ake shigo da ita. An ga haka a 1987 lokacin da gwamnati ta hana shigo da alkama, aka kuma sake gani a 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashinta. A watan Fabrairu na 2024 har zanga-zanga masu gurasa suka yi a birnin Kano saboda tsadar fulawa. Abin da yake hannun mai sana'a shi ne yawan itacen da tanderunsa yake ci. Tanderun da aka lulluɓe da kyau yakan kwana da zafi, washegari itace kaɗan zai buƙata, kuma wuta ɗaya takan gasa zubi fiye da ɗaya. Wanda aka gina da ganganci kuwa kullum daga sanyi yake farawa.

Asarar ba ta tsaya a aljihun mai burodi kaɗai ba. Kowane kaya na itace bishiya ce aka sare, ga shi kuma Kano tana cikin jihohi 11 na Arewa da suke fuskantar kwararowar hamada. Dazuzzukan da suka rage a kudancin jihar, irin su dajin Falgore, suna buƙatar a sassauta musu. Haka nan hayaƙin tanderun da ba shi da bututu mai kyau yana cutar da idanu da ƙirjin ma'aikata da maƙwabta.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa tanderun burodi gini ne da ya haɗa fasahar magina da sanin halin wuta. An bayyana asalin kalmomin sana'ar da tarihinta da kayan gini da matakansa, an kuma nuna yadda kyawun gini yake rage cin itace. Ga malamin Hausa mai jiran gado, wannan fage ne na koyar da aron kalmomi da rubutun bayani da sana'o'i a lokaci guda. Yawancin ilimin wannan aiki a bakin magina da ma'aikata yake, don haka ya dace malami ya kai ɗalibansa gidan burodi mafi kusa, su ji sunayen da masu aikin suke kiran kowane sashe da kowane kayan aiki, su rubuta.

Tambayoyi

1. Bambance tsakanin tanderun gurasa da tanderun burodi.
2. Kawo kalmomin aro huɗu daga wannan babi, ka bayyana asalinsu da sauye-sauyen da suka samu.
3. Me ya sa ba a amfani da siminti da azara a cikin tanderu?
4. Idan tsayin rufin tanderu santimita 80 ne, nawa ya kamata tsayin ƙofarsa ya kasance?
5. Ziyarci wani gidan burodi a garinku, ka tattaro kalmomi ashirin na sana'ar tare da ma'anoninsu.